Ruwa Ne Maganin Tankin Masai: Yadda Ake Juyewa da Wanke Tankunan Motar-Gida

Wanda ya taɓa bin manyan hanyoyin Amurka a lokacin zafi ya ga motocin nan masu kama da ɗaki a kan taya. Wasu da injinsu, wasu kuma tirela ce ake ja da a-kori-kura. Amurkawa suna ce musu RV, mu a gidanmu motar-gida muke cewa. Cikinta akwai gado da kicin da shawa da masai, kuma mafi yawansu a jihar Indiyana ake ƙera su, a garin Elkhart da kewayensa. 'Yan uwa da dama da ke zaune a nan sun fara hayar irin motar don kai yara yawon hutu, wasu ma sun saya. Ranar karɓar mota za a daɗe ana nuna maka firji da murhu da yadda kujera ke rikiɗa ta zama gado, amma hannayen bawul biyun nan da ake ja don a juye ruwan masai da na wanka, waɗanda ke ƙasa ta ɓangaren direba, a gurguje ake wuce su. Alhali su ne za su sa ka ji daɗin tafiyar ko ka yi da-na-sani.

Abin da shekaru suka koya mini a wannan harka ɗaya ne: tankin masai ruwa yake so. Turare da ƙwayoyin da ake sayarwa taimako ne kawai. Duk abin da zan faɗa nan gaba, idan ka tona, za ka tarar ruwa ne a ƙasansa.

Abin da ke ƙarƙashin ƙafarka

Tanki uku ne a cikin motar. Na farko na ruwa mai tsabta, na sha da girki da alwala. Na biyu yana tara ruwan shawa da na wanke-wanke, masu motar suna kiransa tanki mai ruwan toka. Na uku na masai ne kaɗai, shi ake kira baƙin tanki, kuma sau da yawa hannun bawul ɗinsa baƙi ne, na ɗayan kuma ruwan toka. Girmansu ya danganta da motar. A matsakaiciyar tirela baƙin tanki yakan ɗauki galan 30 zuwa 40. Galan ɗin Amurka ya kusa lita 3.8, ke nan galan 40 ya kai lita 150, nauyin kilo 150 yana lilo a ƙarƙashinka idan ka hau hanya da shi a cike.

Kada ka ɗauke shi kamar sokawen gida. Sokawe yana da watanni da shekaru na narkar da abin da ke cikinsa, ƙasa kuma tana tsotse ruwan. Wannan kuwa akwatin roba ne mai faɗi marar zurfi, ajiya kawai yake yi na 'yan kwanaki. Masan ma ba irin na gida ba ne. Idan ka taka feda, wani marfi ne ke buɗewa a gindin kwanon, komai ya faɗa kai tsaye cikin tanki ta bututu mai inci 3. Zoben roba da ke kewaye da marfin, da ɗan ruwan da ke kwance a kansa, su kaɗai ne suka raba hancinka da tankin. Akwai kuma siririn bututu da ya tashi daga tanki ya fita ta rufin mota, nan iska ke fita.

A Turai abin ya ɗan bambanta. Yawancin motocinsu ƙaramin akwati ne a ƙarƙashin masan, wanda bai wuce lita 20 ba, a zaro shi ta wata ƙofa a gefe, a ja shi kamar jakar tafiya zuwa wurin juyewa. Wannan bayanin na masu babban tanki ne irin na Amurka da Kanada.

Kayan aiki

Kana buƙatar mesa, wato ƙatuwar tiyo mai inci 3 da ake murɗawa a bakin bututun fita. Ka sayi mai kauri, ƙafa 15 ko 20, don ramin juyewa ba kullum yake kusa ba. Nan ba wurin neman araha ba ne, siririyar mesa tana hujewa ba tare da ka sani ba sai ranar da ka ja bawul. Ka haɗa da gwiwar roba mai garai-garai wadda ake ɗaurawa a baki ɗaya na mesar. Ganin abin da ke wucewa ba daɗi, amma babu wata hanyar sanin tanki ya wanku sai ita. Sai safar hannu ta roba wadda ake yarwa, ƙaramin bokiti, sabulu, da tiyo ta biyu ta ɗauraya mai launi daban da farar tiyon ruwan sha. Tiyo biyun nan kada su taɓa kwana a akwati ɗaya. Ni na ware takalmin roba guda don wannan aiki, ba ya shiga cikin mota, saboda a daɓen motar muke shimfiɗa darduma.

Tun kafin kowa ya shiga masai

Busasshen tanki ba a fara amfani da shi. Abin da ya fara faɗawa kan busasshiyar roba mannewa yake yi, na bayansa ya hau kansa. Don haka kafin tafiya, da kuma bayan kowane juyi, ka tabbata bawul a rufe yake, ka zuba ruwa ta cikin masan har ya rufe gindin tanki. Galan 3 zuwa 5 ya isa a yawancin motoci, wato bokiti ɗaya babba ko biyu ƙanana. Idan kana da magani, yanzu ne lokacin sa shi.

Sai a koya wa kowa, har yara, yadda ake amfani da masan. A taka feda rabi, ruwa zai taru a kwano ba tare da marfi ya buɗe ba. Idan babban uzuri ne a tara ruwa kamar rabin kwano tukuna. Bayan an gama a taka har ƙasa, a riƙe na ɗan lokaci, kada a yi saurin ɗaga ƙafa. Masu tsimin ruwa don kada tanki ya cika da wuri su ne suka fi kowa shan wahala daga baya.

A nan mu masu buta Allah Ya hutar da mu. Babban abin da ke toshe tankunan maƙwabtanmu a zango tulin tishu ne da ƙarancin ruwa, mu kuwa kowace shiga sai mun ƙara wa tanki lita ɗaya ko fiye, tishun kuma kaɗan ne. Gaskiya ne tankinmu yana riga nasu cika, kuma idan kana daji inda babu wurin juyewa kusa sai ka yi lissafi. Amma cikar tanki da ruwa matsala ce ta minti goma. Idan za a yi amfani da tishu, a gwada shi: a sa falle biyu a kwalba da ruwa, a girgiza na 'yan daƙiƙoƙi. Idan ya dagargaje ya yi, idan ya tsaya a dunƙule a bar shi a gida. Jiƙaƙƙen tishun goge jarirai, audugar mata, kunzugun yara, auduga mai tsinke, duk kwandon shara ne wurinsu, ko da an rubuta a jikin leda cewa masai na iya ɗauka.

Kuskuren da kusan kowa yake yi

A zangon da ke da cikakken haɗi, kowace mota tana da wutarta da famfonta da ramin magudanarta. Mutum zai ɗaura mesa, ya ga ai hankali ma ya ba da a bar bawul a buɗe, komai ya riƙa wucewa kamar a gida. Haka na yi a doguwar tafiyarmu ta farko. Kwana shida ba mu ga komai ba. A na bakwai da asuba uwargida ta fito ta ce, "Maigida, masan nan fa ya ƙi wucewa, kuma warin ya ishe mu." Na kashe famfo, na taka feda, na haska tocila. Abin da na gani tudu ne, ya taso daga gindin tanki har ya kusa taɓa bakin bututu, busasshe kamar ginin gara. Ruwan ya riƙa tsiyayewa yana tafiyarsa, mai nauyin ya tsaya daidai inda ya faɗi.

Wani dattijo da motarsa ke kusa da tamu ya gan ni tsugune a gefen bawul. Bai tambaye ni komai ba, ya duba hannun ya ga a jawo yake, ya tura shi ciki da kansa, ya ce in cika tankin da ruwa in bar shi ya kwana. Kwana biyu muka yi muna zuwa bayan gidan zango da yara kafin tudun ya saki. Tun daga ranar, bawul ɗin baƙin tanki a rufe yake ko da mesa na ɗaure. Ba na buɗe shi sai tanki ya kai kashi biyu cikin uku ko fiye, domin nauyin ruwan da ya taru shi ke tunkuɗa komai waje. Idan lokacin tashi ya yi tankin bai kai haka ba, sai in ƙara masa ruwa da kaina kafin in juye.

Juyewa, daki-daki

Wurin juyewa za ka same shi a zanguna, da wuraren shaƙatawa na jihohi, da wasu manyan gidajen mai na masu tirela irin su Flying J da Love's. Wani wuri kyauta ne, wani ana biyan 'yan daloli. Rami ne a tsakiyar daɓen siminti, da murfi mai feda ko marfin murɗawa, da famfo a gefe. Ruwan wannan famfon na ɗauraya ne kawai. Kada ka cika tankin sha da shi, kada ka cika buta, domin ba ka san inda wanda ya riga ka ya cusa bakin tiyon ba.

Ka tsayar da mota yadda bakin bututunka zai yi kusa da ramin. Sa safar hannu. Kafin ka taɓa murfin bututu, ka tura hannayen bawul biyun ka ji sun kai ƙarshe. Sannan ka ajiye bokiti a ƙasa, ka murɗa murfin a hankali, kana tsaye a gefe ba a gabansa ba. Idan bawul yana ɗan yoyo, ruwa yakan taru a bayan murfin, kuma gara ya sauka a bokiti.

Fara da ɓangaren rami. Sa bakin mesa a ciki ya shiga sosai, ka murɗa idan akwai zare, idan babu ka danne shi da dutse ko murfin ramin. Ƙarfin ruwan farko yana iya fizge mesar da ba a danne ba. Sannan ka ɗaura ɗaya bakin a jikin mota, ka murɗa har ka ji haƙoran sun kama. Ka duba mesar ta gangara, babu inda ta yi tudu ko ta naɗe.

Ga wata dabara da ta cece ni fiye da sau ɗaya: ka ja bawul ɗin ruwan toka na daƙiƙa biyu ko uku, ka mayar. Idan akwai huji ko haɗin bai zauna ba, ruwan sabulu ne zai nuna maka, ba na masai ba.

Yanzu ka ja baƙin bawul gaba ɗaya, a ja ɗaya, kada ka buɗe rabi. Za ka ji mesar ta yi nauyi tana motsi. Ka tsaya nan, kada ka tafi amsa waya. Cikin 'yan mintoci gudun zai ragu ya koma tsiyaya. A nan ne ake ɗauraya, zan zo kanta. Idan ka gama sai ka rufe baƙin bawul, ka tura shi har ƙarshe, sannan ka buɗe na ruwan toka. Wannan jerin ba a juya shi: baƙi tukuna, ruwan toka daga baya, domin ruwan sabulun shi ke wanke cikin mesar. Kuma kada a buɗe su tare, ruwan masai yana iya komawa cikin ɗaya tankin.

Da ruwan toka ya ƙare, rufe bawul, kwance mesa daga jikin mota, ka ɗaga bakin sama, ka bi ta kana ɗagawa har abin da ya rage ya gangara rami. Zuba mata ruwa ta ciki da tiyon ɗauraya tun tana cikin ramin, sannan ka cire, ka toshe bakunanta biyu, ka ajiye. Mayar da murfin bututu, rufe ramin, ka wanke daɓen idan wani abu ya ɗiga. Wanda zai zo bayanka yana da haƙƙi a kanka. Cire safar ta hanyar juya cikinta waje, wanke hannu da sabulu, ka shiga mota ka zuba ruwan nan na gindin tanki kafin ka manta.

Idan akwai layin motoci a bayanka, ka juye ka ba da wuri. Dogon wanki a bar shi sai a zangon da kake da raminka kai kaɗai.

Ɗauraya da babban wanki

Juyewa kaɗai ba ta fitar da komai. Gindin tankin kusan a shimfiɗe yake, kullum sai an bar saura. Sababbin motoci da yawa suna da bakin tiyo a gefe da aka rubuta na wankin baƙin tanki ne, yana kai ruwa ga wani ɗan famfo mai feshi a cikin tankin. Ɗaura tiyon ɗauraya a nan, bawul a buɗe, ka kunna, ka sa ido a gwiwar nan mai garai-garai. Ruwan zai fara da duhu, ya yi haske, sai kuma ka ga wani gungu ya taho ya sake duhu. Kada ka yarda da hasken farko.

Feshi da bawul a buɗe yana wanke bango ne, ba ya ɗaga abin da ya kwanta. Abin da ya fi aiki shi ne a rufe bawul, a bar tanki ya tara ruwa kamar rabi ko fiye, a sake ja. Sau biyu ko uku, za ka yi mamakin abin da ke fitowa bayan ka ɗauka an gama. Amma a nan ne haɗarin yake, kuma ina roƙonka ka ji wannan da kyau: muddin ruwa na shiga kuma bawul na rufe, ƙafarka kada ta bar wurin. Tankin da aka manta yana cika zai tumbatso ta masai ya malale cikin mota, ko ya hau bututun iska ya zubo ta rufi, ko ya kumbura ya tsage. Sa ƙararrawa a waya, minti biyu ko uku, wani kuma ya tsaya a ciki yana leƙa masan. Akwai ɗan mita mai araha da ake ɗaurawa a tiyo yana ƙirga galan, ya fi kintace.

Motar da ba ta da wannan bakin, ana amfani da sandar feshi. Ana ɗaura ta a tiyo, a shigo da ita ta taga, a taka feda, a zura ta cikin tanki ana juyawa. Idan babu ita ma, bokiti ya wadatar, a cika a juye ta masai da ƙarfi.

Babban wanki kuwa sau biyu ko uku a shekara ya isa, da kuma kafin a ajiye mota. Bayan juyi da ɗauraya, cika tanki kamar rabi da ruwa, mai ɗumi idan da hali, ka zuba kofi guda na sabulun ruwa na wanke-wanke ko omo. Ka yi haka a safiyar da za ka yi doguwar tafiya, don girgizar hanya ita ce burushin. Da ka isa, ka ƙara ruwa, ka bar shi ya kwana, ka juye da safe. Za ka ji ana cewa a zuba buhun ƙanƙara ta goge bango. Na gwada, ban ga abin da ta yi ba wanda ruwa bai yi ba, narkewa take yi tun ba a yi nisa ba. Tafasasshen ruwa kuma a guje shi, yana lalata zoben roba.

In tanki ya shekara da shekaru ba kula, wani farin dutse yakan kama bangonsa daga ma'adinan fitsari da na ruwa. Wannan ya wuce sabulu. Akwai masu sana'ar wanke tanki da injin feshi mai ƙarfi, suna zuwa har zango.

Ma'aunin bango

Allon da ke nuna cikar tanki yana da fitilu huɗu: wayam, ɗaya cikin uku, biyu cikin uku, cike. A yawancin motoci wasu 'yan ƙusoshin ƙarfe ne aka soka a bangon tanki, idan ruwa ya taɓa su fitila ta kama. Jiƙaƙƙen tishu ko dauɗa da ta manne a kansu ma tana kama fitilar, shi ya sa za ka juye tas allo ya ce saura biyu cikin uku. Jiƙon kwana ɗaya yakan gyara. Akwai wani ma'auni mai suna SeeLevel da ake mannawa a bayan tanki, ba ya taɓa abin da ke ciki, ya fi faɗin gaskiya. Amma kunne ma ma'auni ne. Idan tanki ya kusa cika sautin faɗawar ruwa yana canzawa, kuma masan yakan yi wata gyatsa idan an taka feda. Da ka ji gyatsar nan, ranar za a juye.

Me za a zuba, me za a bari

Magungunan tanki iri biyu ne a taƙaice. Akwai masu kashe ƙwayoyin halitta don hana wari, akwai masu ɗauke da bakteriya da sinadaran narkarwa da ke taimaka wa tishu da sauransu su dagargaje. Na daɗe da komawa kan na biyun. Tsofaffin magungunan nan masu shuɗi da yawansu fomalin ne a ciki, irin wanda ake adana gawa da shi. Yana kashe wari, amma idan ya isa sokawen zango yana kashe bakteriyar da sokawen ke aiki da su, ya kuma iya kaiwa ga ruwan ƙasa. Jihar Kalifoniya ta hana sayar da maganin tanki mai fomalin da wasu sinadarai irinsa tun farkon 2022. Ka karanta jikin kwalba kafin ka saya.

Mu da muka taso da masan rami mun saba ganin ana zuba kananzir ko baƙin mai ko Izal don kashe wari da ƙudaje. Kada ko ɗaya ya shiga wannan tankin. Man fetur da danginsa suna cinye roba, kuma tururinsu a rufaffen akwati ƙarƙashin wurin kwanan yara haɗari ne. Bilic ma a bar shi. Yana busar da zoben bawul, kuma idan ya haɗu da amoniyar fitsari yana tayar da iska mai guba. Haka soda mai ƙuna ta buɗe magudanar gida.

In wari ya shigo

Wari ba ya zuwa haka kawai, ƙofa ya samu. Fara da kwanon masai. Zuba ruwa kaɗan ka dawo bayan awa ɗaya. Idan ya tsiyaye, zoben ya bushe ko wani abu ya maƙale a bakinsa. Kashe famfo, taka feda, ka goge zoben da tsohon burushin haƙori, ka shafa masa giris ɗin silikon. Ban da basilin, yana kumbura roba. Idan bai daina ba a sauya zoben, masu ƙera masan irin su Dometic da Thetford suna sayar da shi daban.

Sai fankar rufin bayan gida. Idan tana jan iska waje lokacin da aka taka feda, daga cikin tanki take jawo ta. A kashe ta kafin a taka, a kunna bayan marfi ya rufe. Sannan a hau rufi a duba bututun iska, don ganye da gidan zanzaro suna toshe shi. Tiyo da ruwa daga sama yakan buɗe shi.

Sau da yawa kuma ana zargin baƙin tanki alhali ɗan uwansa ne mai laifi. Ruwan wanke-wanke da ya kwana uku a zafi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. A ƙarƙashin wurin wanke-wanke akwai ɗan bawul ɗin iska da ake murɗawa a kan bututu, idan robarsa ta mutu wari ta nan yake fitowa, kuma sauya shi aikin minti biyar ne da hannu.

Tankin ruwan toka da irin girkinmu

Wannan ya shafe mu musamman. Manja da kitsen nama suna shiga bututu a narke, su daskare da zarar sun huce, su kama bangon tanki da bakin bawul. Ƙanzon tuwo da ƙwayar shinkafa su kwanta a kansu. Kafin a wanke tukunya a kankare ta a shara, a goge man da takarda. A sa rariya a bakin magudanar kicin, wata a ta shawa saboda gashi. Lokaci-lokaci a zuba sabulun wanke-wanke da ruwan ɗumi kafin a hau hanya.

Shi tankin ruwan toka ana iya barin bawul ɗinsa a buɗe a zango mai cikakken haɗi, amma a rufe shi kwana ɗaya kafin juyin baƙin tanki don a tara ruwan wanke mesa. Idan a buɗe yake, a lanƙwasa mesar ta yi ɗan kwari da zai riƙe ruwa, ya tare wari da ƙananan ƙudajen magudana. Kuma kada ganin ruwan wanka ne ya sa a sake shi a ƙasa. A gandun daji na gwamnatin tarayya da mafi yawan zanguna laifi ne, ana cin tara.

Idan ka ja bawul ba abin da ya fito

Mayar da shi ka rufe tukuna, kada ka kwance mesa tanki na cike bawul na buɗe. Leƙa ta masai da tocila. Idan tudu ka gani a ƙarƙashin bututu, sai jiƙo: ruwa da maganin narkarwa, kwana ɗaya ko biyu, kana huda tudun a hankali da sandar feshi ko guntun tiyo mai ɗan tauri. Ban da ƙarfe, tankin roba ne. Idan kuwa ruwa ne fal amma ba ya fita, toshewar tana bakin fita. Akwai gwiwa ta musamman mai bakin tiyo da ke tura ruwa baya ta cikin bututu, takan warware dunƙulen. Idan hannun bawul ya zo da sauƙin da bai saba ba, mai yiwuwa wayarsa ce ta tsinke, ƙofar ba ta motsa ba. Bawul ɗin kansa ƙusa huɗu ke riƙe da shi, sauya shi ba wuya, amma sai tanki ya zama wayam. Idan a cike yake, kira mai gyara.

Ajiyar hunturu

A jihohin arewa, ruwan da aka bari a bututu yana daskarewa da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 32 a ma'aunin Amurka, wato sifili a namu, ya faɗaɗa ya fasa bawul. Kafin sanyin farko a yi babban wanki, a juye tankuna biyun su tsiyaye sarai, a rufe. Sai a zuba ruwan hana daskarewa na motar-gida, mai launin hoda, a magudanar kicin da ta shawa da masai, yadda kaɗan zai gangara ya kwanta a bayan kowane bawul. Na injin mota guba ne, ba shi ake nufi ba. A bar kamar kofi guda a cikin kwanon masai don zoben kada ya bushe. A fesa silikon a sandunan bawul, a ja a mayar sau biyu. Mesar a ɗauraye ta, a shanya ta bushe kafin a naɗe.

Idan sanyi ya wuce, kafin a loda kaya, zuba bokiti biyu na ruwa a kowane tanki, ka bar su awa ɗaya, ka durƙusa ka duba ƙarƙashin mota ko akwai ɗiga. Sannan ka ajiye bokiti, ka murɗa murfin bututu a hankali. Idan a bushe ka same shi, bawul ɗinka lafiya lau suke, sai a kira yara su fara shigo da jakunkuna.